Zuwa ga Ɗana, Kan Littafin Mahaya Dodanni

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, littafin da ka aiko ya iso hannuna, kuma na karanta shi daga bango zuwa bango. A 'yar takardar da ka saƙala a cikinsa ka ce in yi maka uzuri, ka san ƙagaggen labari ne, ka san babu dodo mai fiffike da ke aman wuta a duniyar nan, amma daɗinsa ya hana ka ajiye shi. Wannan neman uzurin ne ya zaunar da ni na ɗauki alƙalami maimakon in kira ka a waya. Ba ka yi abin da za ka nemi afuwa a kansa ba. Ni ma na ji daɗin littafin, kuma na yi murna da ka ga na cancanci ka raba wannan daɗin da ni. Sai dai akwai wuraren da nake so ka koma ka sake dubawa, irin waɗanda mai karatu cikin zumuɗi kan wuce su a guje.

Abin da ya kama zuciyarka ya kama zukatan mutane tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Ɗan Adam ya daɗe yana ɗaga kai yana kallon tsuntsu da sha'awa. An ruwaito cewa a Andalus, Abbas ibn Firnas, masanin da ya rasu a shekarar 887, ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsaye, ya ɗaura fukafukai, ya faɗo daga wuri mai tsayi, ya yi ɗan shawagi a iska, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya. Sai da aka yi sama da shekara dubu bayansa kafin 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Orville da Wilbur Wright, su tashi da jirgi mai inji a ranar 17 ga Disamba, 1903, kuma tashin farkon bai wuce daƙiƙa 12 ba, nisan kusan mita 37. To, wanda ya rubuta littafinka ya ɗauki wannan tsohon buri ya ƙara masa abin da inji ba zai taɓa bayarwa ba: abin hawan yana da rai, yana numfashi a ƙarƙashin cinyarka, yana da fushi da son rai, kuma yana iya ƙin ka. Ta yaya matashi mai jini a jika zai karanta wannan bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba?

Wurin da marubucin ya fara samun amincewata shi ne babin tashin farko. Da wani ne, da ya cika mana kunne da kyawun gajimare. Shi kuwa sai ya tsaya a kan sanyi. Ka tuna yadda yaron nan, jarumin labarin, ya sauka, yatsunsa sun sandare har ya kasa kwance igiyar da ta ɗaure cinyarsa da sirdi, ya zauna a bayan dodon yana kuka ba don tsoro ba, don zafin da jini ke yi yana komawa cikin yatsu, har sai da tsohuwar mai kula da sirdi ta hau tsani ta kwance shi da kanta ba ta ce masa uffan ba. Wannan gaskiya ce tsantsa. A duk mita 1,000 da mutum ya ƙara sama, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin salshiyas, ga kuma iskar gudu tana dukan fuska. Marubucin ya zauna ya yi tunanin abin da jikin mutum zai ji, bai raina hankalinka ba. Ka riƙa lura da irin wannan, domin da shi ake gane mai rubutun da ya yi aikinsa da wanda ya tara ƙarya kawai ya ɗaure da igiya.

Na san halinka, na san za ka tambayi kanka ko halitta mai irin wannan girma za ta iya tashi. Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana da daɗin sani. Tun a 1638 Galileo na ƙasar Italiya ya bayyana cewa idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, faɗin fuskarsa zai ninka sau huɗu ne, amma nauyinsa sau takwas. Wato nauyi yana tsere wa fiffike da ƙashi. Shi ya sa tsuntsayen da suka fi nauyi cikin masu tashi a yau ba su cika wuce kilo 20 ba. Halitta mafi girma da aka san ta taɓa tashi tana cikin wasu dabbobi masu fukafukan fata da suka shuɗe tun miliyoyin shekaru. A 1971 aka tono ƙasusuwan ɗaya daga cikinsu a jihar Teksas, aka sa mata suna Quetzalcoatlus, kuma an ƙiyasta faɗin fukafukanta da mita 10 zuwa 11. Duk da haka ƙasusuwanta rami ne a ciki don sauƙin nauyi, ba irin jikin da zai ɗauki sirdi da jarumi da sulke ba. Maganar wuta kuwa, mafi kusa da ita a halittun Allah wani ɗan ƙwaro ne dangin buzuzu, wanda ke haɗa sinadarai biyu a cikinsa ya fesa wa maƙiyi ruwa mai zafin da ya kai na tafasa, kusan digiri 100.

Sanin wannan bai rage mini daɗin labarin ko ƙwayar zarra ba, kuma ba zai rage maka ba. Irin wannan littafi alfarma ɗaya yake roƙo a wajen mai karatu: ka yarda mini akwai dodo mai tashi. In ka yi masa wannan alfarma, to ya zama wajibi a kansa ya yi maka gaskiya a duk sauran abubuwa. Dodon da aka ce yana gajiya bayan tafiyar yini, kada a wayi gari ya yi kwana uku a sama don kawai marubuci yana gaggawar kai jarumi fagen fama. Wutar da aka ce tana ƙarewa, kada ta ƙi ƙarewa ranar da ake bukatarta. Idan marubuci ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, ya ci amanarka, kuma kana da damar ajiye littafinsa ko da duniya duka tana yabonsa.

Akwai wani abin da wataƙila ba ka sani ba, wanda ya ƙara mini sha'awar wannan salon labari. Hawan dodo a matsayin aboki sabon abu ne idan aka auna shi da tsufan labaran dodanni. A tsofaffin labaran Turai, dodo mugun abu ne da ke kwance a kan tulin zinariya a kogo, ko yana tare hanyar ruwa, ko yana neman a ba shi 'yan mata, kuma aikin jarumi shi ne ya soke shi ya kashe. A ƙasar Sin kuwa akasin haka ne: dodonsu dogo ne mai jikin maciji, ana danganta shi da ruwan sama da koguna da albarka, sarakuna suka mai da shi tambarin mulki, har yau yana cikin dabbobi 12 na lissafin shekarunsu, kuma 2024 shekararsa ce. Ƙasar Butan ma hotonsa ne a tsakiyar tutarta. Wato a wani gefe abin kashewa, a wani gefe abin girmamawa daga nesa. Cikin waɗanda suka fi kafa salon da kake karantawa, inda mutum da dodo ke ƙulla zumunci har su ji zuciyar juna, akwai wata marubuciya Ba'amurkiya, Anne McCaffrey, wadda ta fara fitar da labaranta na mahaya dodanni a 1967, kuma a 1968 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Hugo, wadda ake ba marubutan irin waɗannan labarai, a fannin ƙagaggen labari.

Ka ga abin da ya canja? Da can, tambayar labarin ita ce yadda za a hallaka ƙarfin da ya fi ƙarfinka. Yanzu tambayar ta koma yadda za ka zauna da shi, ka riƙe shi, kada ya cinye ka kuma kada ka cinye mutane da shi. A ganina tambaya ta biyu ta fi amfani ga saurayi irinka, domin ƙarfin da za ka yi ta fama da shi a rayuwa yawancinsa ba a kogo yake ba. Yana tare da kai: fushinka, sha'awarka, kaifin harshenka, ilimin da kake tarawa, da duk wani iko da Allah zai ɗora a hannunka nan gaba. Ba abin kashewa ba ne ko ɗaya daga cikinsu. Abin linzami ne.

Yanzu bari in zo kan wurin da ka ja layi da jan biro har sau biyu, wato ranar zaɓe, inda tsohon dodon ya wuce 'ya'yan manya da ke jere cikin ado, ya je ya sunkuyar da kai gaban yaron da ke riƙe da tsintsiya a bayan taro. Na fahimci dalilin da ya sa wurin ya taɓa ka. Babu matashin da bai taɓa kwanciya da dare yana fatan a wayi gari wani ya gano darajar da ke ɓoye a cikinsa ba, a gaban duk waɗanda suka raina shi. Fata ne mai daɗi, kuma ban ce ka yar da shi ba. Abin da nake tsoro shi ne ya zame maka wurin zama. Na ga mutane masu basira da suka ƙare ƙuruciyarsu suna jiran ranar da za a zaɓe su, suna ganin aikin yau da kullum bai kai matsayinsu ba, har furfura ta riske su a layin jira.

A wasu littattafan irin wannan, ƙwai ne ke fashewa, jaririn dodo ya fito ya nufi mutum ɗaya, a ce ai ya hango nagartarsa. To, masanin ɗabi'ar dabbobi Konrad Lorenz na ƙasar Ostiriya, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa 'yan tsakin dinya kan bi duk abin da suka fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa. Shi da kansa suka riƙa bi a baya har cikin ruwa, suna ɗaukarsa uwarsu. Ba nagartarsa suka hango ba, shi ne dai ke tsaye a wurin. Yawancin damar da ke zuwa wa mutum haka take, ka samu kanka a wurin da ya dace a lokacin da ya dace, da ikon Allah. Abin da ke nuna ko wane ne kai yana zuwa ne washegari.

Kuma marubucinka ya san haka, shi ya sa nake so ka koma babukan da ke bayan zaɓen, waɗanda na lura babu jan layi ko ɗaya a cikinsu. Can ne yaron ke tashi kafin kowa yana kankare ƙasa da ƙwari daga ƙarƙashin ɓawon jikin dodon da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ɓawo bayan ɓawo, tun daga wuya har wutsiya. Can ne yake bin ɗinkin igiyar sirdi da yatsa, zare bayan zare, domin zare ɗaya da ya ruɓe ya isa ya jefo shi daga sama. Can ne dodon ya yi wata guda bai kula shi ba, yana kiransa da sunan mahayinsa na baya da ya mutu, shi kuwa yaron ya haɗiye ciwon abin ya ci gaba da hidima. Waɗannan shafuka ne suka sa ranar da dodon ya kira shi da sunansa ta yi nauyi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan ba a littafi kaɗai yake ba. A yammacin Mongoliya akwai Kazakawa masu farauta da mikiya. Macen suke ɗauka, don ta fi namijin girma da ƙarfi. Maharbi zai yi ta ɗawainiya da ita, yana ciyar da ita da hannunsa, yana yi mata magana har ta saba da muryarsa, yana ɗaukarta a dantse a bisa doki cikin tsananin hunturu. Bayan shekaru tana yi masa aiki, sai ya kai ta kan dutse ya sake ta ta koma daji ta hayayyafa. Ka duba wannan da kyau, ɗana. Mutumin da ya fi kowa kusanci da ita bai taɓa ɗaukarta mallakarsa ba. Amana ce aka ba shi na wani lokaci. Duk wanda zai shigo ƙarƙashin kulawarka wata rana, mata ce ko 'ya'ya ko ma'aikata ko ɗalibai, da wannan idon nake so ka dube shi.

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

A kusan ƙarshen littafin, rundunar mahaya ta kai hari garin maƙiya da asuba. Marubucin ya ɗora mu a bayan dodo, muna jin iska, muna ganin rufin gidaje suna ƙanƙancewa, mutane a tituna kamar tururuwa. Aka saki wuta. Cikin jimla biyu ko uku aka ce garin ya ci wuta har faɗuwar rana, aka wuce. Amma da abokin jarumin ya faɗo daga dodonsa ya mutu, shafi kusan ashirin aka yi ana makoki, kuma na tabbata idonka ya kawo ruwa a wurin, don nawa ma ya kawo. Tambayata gare ka ita ce: su wa ke cikin garin nan? Da asuba aka kai harin. Akwai mai jego da ta samu barci ke nan bayan jaririnta ya kwana yana kuka. Akwai tsoho da ba ya iya gudu. Akwai yaro sa'an jarumin, mai riƙe da irin tsintsiyarsa, wanda babu dodon da ya zaɓe shi. Littafin bai ba ko ɗayansu suna ba, kuma mu masu karatu ba mu nema ba, domin a sama aka zaunar da mu, kuma daga sama ba a jin kuka.

Kada ka ce ai labari ne. Wannan ɓangaren ya faru a duniyarmu, kuma da sauri ya faru. Shekara takwas kacal bayan tashin 'yan'uwa Wright, a ranar 1 ga Nuwamba, 1911, wani matuƙin jirgin Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa gurneti huɗu da hannunsa a kan wuraren da ke kusa da Tarabulus ta Libiya. Shi ne karo na farko da aka jefa bam daga jirgin sama a yaƙi. Burin da ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana rainonsa bai cika shekara goma da cika ba aka mai da shi makami. Daga ranar gurnetin nan zuwa daren 9 ga Maris wayewar 10 ga wata, 1945, shekara 34 ba ta cika ba: a wannan daren jiragen Amurka kusan 300 suka zuba bama-bamai masu cinna wuta a kan Tokiyo, aka kashe mutum wajen 100,000, fiye da miliyan suka rasa matsuguni. Wasu daga cikin ma'aikatan jiragen sun ba da labari daga baya cewa ƙaurin ya iso musu har cikin jirgi. Yawancinsu samari ne da ba su girme ka da yawa ba, kuma ba na jin akwai da yawa a cikinsu da za su iya cinna wa gida ɗaya wuta da ashana alhali suna kallon fuskar masu gidan. Nisa ne ya sauƙaƙa musu. Yau kuwa nisan ya ƙaru, don akwai jirage marasa matuƙa da ake sarrafawa daga ɗaki mai sanyi a wata nahiya.

Dodo mai aman wuta da mahayi a bayansa, in ka cire masa ado, wannan ne. Ban faɗi haka don in ɓata maka littafin ba. Na faɗa ne don ka zama mai karatun da ba a ja da hanci. Marubuci yana da iko babba: duk inda ya ajiye ka, nan tausayinka zai zauna. Shi ya zaɓi wanda za a ba suna da uwa da tarihin ƙuruciya, shi ya zaɓi wanda zai zama adadi. Idan ka iso irin wannan wuri, ka rufe littafin na ɗan lokaci, ka sauko daga bayan dodon, ka tsaya a titin garin ka ɗaga kai. Sannan ka tambaya ko labarin ya san abin da ya aikata. Akwai littattafan da suka sani, inda jarumi ke kasa barci, inda wani daga garin da aka ƙone ke tashi ya yi magana, inda ake tambayar shanun wa dodannin nan ke ci kullum kuma wane manomi ne aka ƙwace wa. Akwai kuma waɗanda ke sayar maka da daɗin ƙona mutane kawai, sun lulluɓe shi da sunan jarumta. Naka yana tsakiya. Akwai wuri ɗaya da tsohon dodon ya ƙi sauka kusa da garin bayan harin, ya juya kansa gefe, kuma ina zaton marubucin ya ajiye wannan ne don littafi na gaba. In bai komo kansa ba, ya gaza, komai daɗin sauran.

Dalilin da na nace a kan wannan shi ne, kana karatu, kuma in Allah ya so za ka hau. Wata rana za ka zauna a kujerar da sa hannunka a takarda zai taɓa abincin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Za a kawo maka su a jadawali, lamba bayan lamba. Ko yanzu ma, wayar da ke aljihunka tana ba ka damar jefa kalma mai ƙuna a kan wanda ba ka ganin fuskarsa, ka juya ka yi barcinka. A duk irin wannan hali ina so ka zama mai tambayar su wa ke ƙasa, kuma in da hali ka sauka ka gan su da idonka kafin ka yanke hukunci. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma mahayi ma dole wata rana ya sauka ya yi tafiya a cikin mutanen da ya wuce ta kansu.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ka ce ka kai ƙarfe uku na dare kana karatu; na san yadda babi ke jan babi, don da gangan ake yanke kowanne a daidai inda zuciya ke rataye. Amma littafin ba zai gudu ba, jarrabawarka kuwa tana da rana, kuma sallar asuba tana da lokaci. Ka sa masa iyaka kai da kanka tun kafin ka buɗe shi. Ka kuma sani cewa ba duk littafin da ke da hoton dodo a bango ne aka rubuta don a karanta da natsuwa ba. Wasu na wannan zamani cike suke da batsa a fili, dodon ado ne kawai. Kai ba yaro ba ne, ba zan bi ka ina duba jakarka ba. Ma'aunin da zan ba ka shi ne, abin da ka karanta yana zama a cikin kai ya daɗe, don haka ka zaɓi baƙin da za ka saukar. Yawancin irin waɗannan labarai jeri ne mai littafi huɗu ko biyar ko fiye, wani lokaci marubucin bai ma gama ba; babu wanda ya ɗora maka bashin kai wa ƙarshe in ka ga labarin ya fara jan ƙafa. Tsakanin littafi da littafi ka sa tarihi, ka sa rayuwar mutanen da suka rayu da gaske, don su ne ke ba ka abin auna ƙagaggen. Kuma in za ka ba ƙanwarka aro, kada ka faɗa mata wanda zai mutu.

A ƙarshen takardarka ka rubuta, da ƙananan haruffa kamar ba ka so in gani, cewa kana jin kai ma za ka iya rubuta irin wannan. Na gani, kuma ina goyon bayanka. Wani Ba'amurke, Christopher Paolini, yana ɗan shekara 15 ya fara rubuta labarinsa na mahayin dodo. Iyayensa suka buga shi da kansu a 2002, ya yi ta yawo makarantu da ɗakunan karatu yana tallarsa, sannan wani babban kamfanin ɗab'i ya karɓa ya sake fitar da shi a 2003. Ka ga ƙuruciya ba ta hana. Amma kada ka fara da zana taswira da jera sunayen masarautu, don nan da yawa ke maƙalewa har sha'awar ta mutu. Ka fara da mutum ɗaya da abin da yake so da abin da ya tare masa hanya. Ka rubuta shafi ɗaya kowace rana ko da bai yi maka kyau ba, kada ka gyara sai ka kai ƙarshen babi. Ka rubuta da harshen da kake mafarki da shi. Kuma in kana neman ƙofar da ba a cika shiga ta ita ba, ka ba da labarin daga bakin wanda ke zaune a garin da dodanni ke wucewa ta samansa, wanda ya san ƙarar fukafukansu tun yana goye, ya san inda ake ɓuya. Idan ka gama babi uku ka turo mini, zan karanta da biro a hannu, kuma zan faɗa maka gaskiya a kan kowane shafi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka